Takun Dogo Hamsin: Sunan Da Kuka Goge A Shafi Na Ashirin Da Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar da doka ta ɗora wa kula da motoci da direbobi,
ta hannun ofishinta da ke Dutse.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Na rubuto ta a buɗe inda kowa zai karanta, domin sau uku ina rubuta ta a rufe ina kaiwa ofishinku da ƙafata, kuma har yau ko "mun gani" ban samu ba.

Bari in fara da gaya maka wanda ke magana, tunda alama ta nuna a ofishinku ba a san ni ba, ko kuma an ga dama an manta.

Sunana Isiyaku Adamu, amma duk Dutse Dogo ake ce mini, don ban taɓa shiga shagon wani ban sunkuya ba. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, shekarar da mahaifina ya rasu. Ba wanda ya ba ni jari. Ba wanda ya rubuta mini 'yar takarda in kai wa wani babba. Na yi wankin mota a tasha, na yi kanikanci, na ja bas tsakanin Dutse da Kano shekara goma sha ɗaya ban zubar da jinin ko akuya ba. Motar da nake koyarwa da ita matacciya na saye ta, ni na tayar da injinta, ni na ƙera mata birki na biyu a gefen malami. Filin koyon da ke bayan unguwar Limawa ni na sare ƙayarsa, na cike kwarinsa da baro. Na gina gida, na aurar da 'ya'ya, na kai mahaifiyata Makka kafin Allah ya karɓe ta. Shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da tuƙi. A hannuna manoma suka koya, da Fulanin da suka sayar da shanu suka sayi a-kori-kura, da matan ma'aikata na unguwar Takur, da malaman jami'a masu digiri uku-uku waɗanda ƙafarsu ke rawa a kan kuloci. Har cikin jami'anku akwai waɗanda ni na fara ɗora hannunsu a sitiyari.

An ce yabon kai jahilci. To, yau a bar ni in yi jahilcin, tunda masu ilimin sun ƙi faɗa.

Ga kukana, ɗaya bayan ɗaya.

NA ƊAYA: aikin da doka ta ba ku.

Ina da kwafin dokar da ta kafa ku. Da ƙamus a gefe na karanta ta, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Abin da na fahimta shi ne an ba ku ikon gwada mutum kafin a ba shi lasisi, da duba lafiyar mota kafin ta hau titi, da yi wa makarantun koyon tuƙi rajista tare da dakatar da wadda ba ta cika sharaɗi ba, da kuma wayar da kan jama'a kan ƙa'idar hanya. Ba ni da ja a kan ko ɗaya. Mutumin da ya taɓa ɗaga gawa daga kan kwalta da hannunsa, kamar yadda na sha yi, ba zai ƙi a tsare hanya ba. Lokacin da wasu masu makarantu ke cewa kun zo ne ku takura mana, ni ne na tsaya a taronmu na ce a ba ku haɗin kai.

Amma na bi dokar daga farko zuwa ƙarshe, ban ga inda ta ce in kun tashi wayar da kan jama'a ku ɗauki aikin mutum ku share sunansa ba. Ikon nan amana ce aka ba ku saboda rayukan mutane. Abin da zan faɗa a ƙasa ya shafi amanar, ba zuciyata kaɗai ba.

NA BIYU: littafina.

Yawancin masu zuwa wurina ba sa jin Turanci, littattafan ƙa'idar hanya kuwa duk da Turanci suke. Saboda haka na sayi littafin rubutu mai kauri na shiga juya ƙa'idojin zuwa Hausar da mai noma da mai kiwo za su gane. Shekara da shekaru ina ƙarawa ina gogewa. Alamomin hanya duka da hannuna na zana su. Na tuna ranar da na nuna wa wani ɗalibina Bafulatani, Malam Buba, alamar mahayar shanu yadda take a littafin Turawa. Ya dube ta ya ƙara dubawa, ya ce wannan ba nagge ba ce, jaki ne aka dasa wa ƙaho. Ajin ya kwashe da dariya. Ranar na sake zana ta da tozo da dogayen ƙahoni, irin shanunmu.

Inda na fi shan wahala shi ne wajen awo. Doka ta ce in mota ta mutu a hanya a kai alamar nan mai kusurwa uku a ajiye can baya da nisa, kuma da mita aka faɗi nisan. To, wane direba ne tayarsa za ta fashe a hanyar Kiyawa ya zaro tef daga aljihu yana awo? Abin da kowa yake da shi a jikinsa ƙafa ce. Na ari tef wajen wani magini na auna takuna, na tarar taku ɗaya nawa mita ɗaya ne, bambancin bai kai faɗin yatsa biyu ba. Allah ne ya yi ni haka. Sai na rubuta a littafin: a ajiye alama a takun Dogo hamsin.

Kuma ba a rubutu nake barin maganar ba. Duk wanda ya koya a wurina, kafin in sallame shi sai mun jera a fili. Ni in yi hamsin ɗina, shi yana gefena yana ƙirga nasa. Wani ya samu sittin da biyar, wani saba'in. Wata Hajiya daga Takur tamanin da biyu ta samu, ta ce ni ba tafiya nake ba, ƙetare gari nake. Kowa sai ya rubuta lambarsa ya liƙa a cikin motarsa. Ka tambayi duk wanda ya fita daga filina lambarsa nawa, zai gaya maka ko daga barci ka tashe shi.

NA UKU: yadda littafin ya zo hannunku.

Akwai jami'inku na sashen wayar da kai. Ba zan faɗi sunansa ba. Shi ya iya goge sunan mutum don ya ɓoye shi, ni kuwa zan ɓoye nasa ne don in rufa masa asiri, kuma kun san shi. Ni na koya masa mota tun yana yawon neman aiki da takardu a leda. Baba Dogo yake kirana.

Bara, bayan Sallar layya, ya zo filina ya zauna a bencina, muka sha fura tare. Ya ce hukuma tana son fitar da littafin ƙa'idar hanya da Hausa, kuma ya gaya wa manyansa ba sai an wahala ba, akwai wanda ya riga ya yi aikin. Ya ce sunana zai fito a bango, kuma ranar ƙaddamarwa a gaba za a zaunar da ni. Ban tambaye shi ko sisi ba, shi ma bai yi maganar ba. Na shiga gida na ɗauko littafin, shi ke nan guda ɗaya da nake da shi a duniya. Maiɗakina ta tare ni a zaure ta ce ko hoton shafukan in tsaya a ɗauka kafin in bayar. Na ce mata wanda ya kira ka Baba ba ka ce masa ya sa hannu. Ta kauce ta ba ni hanya. Har yau ba ta tuna mini wannan magana ba, kuma shirunta ya fi mini ciwo.

NA HUƊU: abin da aka buga.

Ba a gayyace ni ƙaddamarwa ba. A hannun wani mai adaidaita sahu na fara ganin littafin, ya naɗe shi yana fifita da shi a bakin shataletale. Na karɓa na duba. A bango ga tambarinku. A ciki ga hotonka, ranka ya daɗe. Bayan hoton ga sunayen 'yan kwamiti mutum tara, kowa da jerin muƙamansa. Na buɗe gaba, ga saniyata da tozonta. Ga maganganuna yadda nake faɗa wa ɗalibai, har da inda na ce madubi ba na gyaran hula ba ne. Na duba gaba na duba baya, ko a cikin waɗanda aka yi wa godiya babu ni, alhali an gode wa masu ɗab'i.

Sai na zo shafi na ashirin da ɗaya. Abin da aka rubuta shi ne: a ajiye alama a taku hamsin.

Na gane abin da ya faru nan take. Wanda aka sa ya share ni ya bi littafin shafi-shafi, duk inda ya ga Dogo ya cire. Bai san a wannan wuri kalmar ba suna ba ce kawai, ma'auni ce. Kamar a ce maka auna gero hamsin ne, ba a gaya maka da mudu ko da gwangwanin madara ba. Hamsin na wa? Na mai gadinku? Na Hajiyar Takur?

Washegari na tafi ofishinku. Na zauna a benci daga hantsi har aka yi azahar kafin jami'in ya fito. Ya ce aikin gwamnati ba ya ɗaukar sunan mutum ɗaya, kuma kwamiti ya ga kalmar Dogo ba ta dace da takardar hukuma ba. Na tambaye shi su mutum taran nan fa, ba sunaye ba ne? Ya duba wayarsa. Na ce a bar zancen suna tukuna, shafin nan zai kashe wani. Ya ce an riga an buga an rarraba. Na ce to a ba ni littafina na asali. Ya ce yana cikin fayil. Da zai koma ciki ya ce mini, "Sai an jima, Malam."

Malam. A ranar Baba Dogo ma ya goge.

NA BIYAR: kwas da jarrabawa.

Bana kuka fitar da sanarwa cewa duk mai makarantar koyon tuƙi sai ya yi kwas ɗinku ya ci jarrabawa kafin a sa shi a rajista. Doka ta ba ku wannan iko, ban musa ba. Na wanke kayana, na sayi biro, na je na zauna a layin baya don kada in tare wa mutane allo. Aka raba mana littafin karatu. Littafina ne. Kwana biyar ina zaune ana karanta mini maganata, wani wurin ma ana yi mini bayanin abin da marubucin yake nufi.

Da malamin kwas ɗin ya zo shafi na ashirin da ɗaya na ɗaga hannu na ce akwai gyara. Ya ce in riƙe abin da ke cikin littafi, masana ne suka rubuta shi. A ɗakin akwai mutum huɗu da ni na koya musu mota. Uku suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya yi tari. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa rajistarsa yake nema.

Ranar jarrabawa tambayar ta fito: taku nawa ake ajiye alama a bayan motar da ta mutu? Na san amsar da ake so. Kalma ɗaya ce, da na rubuta ta da yanzu ina filina ina aiki. Hannuna ya ƙi. Na rubuta cewa ya danganta da ƙafar mai takun, na bayyana yadda ake aunawa da yadda kowa zai san lambarsa, na cika shafi na juya baya. Na amsa laifina a nan: na daɗe a kan wannan tambaya har aka karɓe takarda ban gama sauran ba. Da aka liƙa sunaye a bangon ofishinku, mutum huɗun nan duk suna ciki. Ni babu.

Bayan mako biyu jami'anku suka zo filina suka liƙa takarda a gilashin motar koyo, suka ce in dakata sai an sake wani kwas. Na tambayi yaushe, suka ce za a sanar. Ban yi musu gardama ba, aiko su aka yi, kuma a takarda suna da gaskiya. Motar tana nan a gindin darbejiya, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa. Masu zuwa neman koyo ina mayar da su, ina nuna musu makarantun ɗalibaina.

Ranka ya daɗe, ka tsaya ka dubi wannan lamari da kyau. An kayar da mutum a jarrabawar littafin da shi ya rubuta, a kan tambayar da shi kaɗai a ɗakin ya faɗi gaskiyarta.

NA SHIDA: abin da ya sa na kasa yin shiru.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, wataƙila da na bar ku da Allah. Amma kwanakin baya wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidana rai a ɓace. Malam Ya'u sunansa, mai a-kori-kura, yana ɗaukar hatsi zuwa kasuwar Shuwarin. Bai taɓa koyo a wurina ba. Gajeren mutum ne, a tsaye kansa bai wuce aljihun rigata ba. Ya ce motarsa ta mutu da rana tsaka a bayan wata kwana, da kaya da mutane biyu a baya. Shi mutum ne mai bin doka, yana da littafinku, ya karanta shi. Ya ɗauki alamarsa ya ƙirga hamsin cif ya ajiye. Wata tifa ta shawo kwanar da yashi, direban bai ga alamar ba sai da ya zo kanta. Ya take ta, ya taka birki, tifar ta ja ta tsaya da ratar da ko akuya ba za ta bi ta tsakaninsu ba. Mutanen da ke baya sun riga sun dira cikin gona.

A tasha aka gaya masa ai Dogo ne ya rubuta littafin, shi ya sa ya zo ya faɗa mini abin da ke ransa. Ka ga ikon Allah: suna kun cire, amma zagi ya san hanyar gidana.

Na bar shi ya gama. Sannan na kai shi fili muka jera. Inda hamsin ɗinsa ya ƙare, ni ina talatin da huɗu. Na ci gaba ni kaɗai na cika nawa, na juyo. Yana tsaye can baya yana kallon ratar da ke tsakaninmu. Daga baya ya nemi in ara masa biro ya gyara littafinsa.

Ban ce da ya ajiye a inda ya kamata tifar ba za ta zo da gudu ba. Allah ne mai tsarewa. Amma taku goma sha shida na Dogo wuri ne da mai birki zai yi amfani da shi, kuma ba Malam Ya'u ne ya zubar da su ba. A ofishinku aka zubar da su, da jan biro. Littafin nan kuwa yana hannun gajere da dogo, mace da namiji, kuma yanzu da shi ake koyarwa a duk makarantar da kuka yi wa rajista.

Saboda haka ga abin da nake nema.

A tsayar da rarraba littafin har a gyara shafi na ashirin da ɗaya. Waɗanda suka riga suka fita a sanar da masu su ta rediyo da tashoshin mota. In ana son wanda zai zagaya ya jera da direbobi kowa ya san lambarsa, ƙafata tana nan, ba na neman lada a wurin kowa.

A dawo mini da littafina na asali. Bangonsa shuɗi ne, akwai tabon baƙin mai a kusurwar ƙasa. Duk wanda yake shakkar maganata ya ajiye shi kusa da naku ya buɗe su tare.

A sake gwada ni. Ban ce a ba ni rajista kyauta ba, ban saba da kyauta ba. A kawo takarda in sake rubutawa, ko a kawo mota da duk jami'in da kuka fi ji da shi, a fili, a gaban jama'a. Abin da na samu shi nake so.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya taya ka riƙon wannan amana, ya haɗa ka da mashawarta masu gaya maka gaskiya. Ina kyautata zaton ba ka san an yi wannan ba. Daga yau ka sani. Allah ya tsare ka a hanya, kai da iyalinka, kada ya haɗa ku da motar da ta mutu a bayan kwana.

Saura abu ɗaya, kuma shi ba roƙo ba ne. A rubuta sunana. A rubuta shi a bangon littafin, a sama da mutum taran nan ko a ƙasansu, wannan ya rage naku. A rubuta shi a rajistarku ranar da na ci jarrabawa. Sannan a mayar da shi inda aka ciro shi, a shafi na ashirin da ɗaya, tsakanin taku da hamsin. In kwamiti har yanzu yana ganin Dogo bai dace da takardar hukuma ba, su taho Limawa da tef ɗinsu. Zan tsaya su auna.

Wassalam.

Ni ne,
Isiyaku Adamu Dogo,
mai koyar da tuƙi, marubucin littafin da ke kan teburinka,
Limawa, Dutse.